Neman kalmar Hausa ga "interval": ina ba da shawarar "zango"

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu aikin ƙididdiga da kwamfuta. Ina so mu tsayar da magana a kan abin da Turawa suke kira interval, wato dukkan lambobin da suke tsakanin wasu lambobi biyu, domin duk wanda ya taɓa koyar da harsunan shirya manhajar kwamfuta irin su R ko Python da Hausa ya san a nan harshe yake fara sarƙewa.

Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "tazara", kuma na daɗe ina amfani da ita kafin na gane ba ta ɗauki ma'anar ba. Tazara awon nisa ce. Tazarar da ke tsakanin 5 da 15 goma ce, haka ma wadda ke tsakanin 40 da 50, alhali kuwa wurare biyu ne daban a kan layin lambobi. "Rata" ma matsalarta ke nan. Shi kuwa "rukuni" ya fi dacewa da mutanen da aka kasa, ba ma'aunin da aka kasa su da shi ba.

Abin da na zaɓa shi ne "zango". Fatake sun san zango a matsayin masauki da kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. 'Yan makaranta suna da zangon karatu mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Masu sauraren rediyo kuma sun saba da gajeren zango. Saboda haka zangon lamba yana da baki biyu, bakin farko da bakin ƙarshe, sai mu bar wa "tazara" aikinta na faɗin zangon.

Inda na fi damuwa shi ne bakin nan. Turawa suna da zangon da suke kira closed da wanda suke kira open; wasu suna fassara closed da "rufaffe", open kuma da "buɗaɗɗe", ni kuwa ina ganin wannan zai ɓatar da ɗalibi, domin a kunnen Bahaushe abin da aka rufe wa ƙofa an bar shi waje ne, alhali a lissafi zangon da ake kira closed shi ne wanda bakinsa yake ciki. Muna da "har da" da "ban da", waɗanda ko yaron da aka aika kasuwa ya san bambancinsu. Idan aka rubuta (5,15], sai mu karanta: zango daga 5 zuwa 15, ban da 5, har da 15.

Wannan ba ƙaƙale ba ne. Na taɓa kasa shekarun yara a bayanan wani asibiti da umarnin cut na R, mai yanka lambobi zango-zango, na sa iyakoki 0, 5 da 15, sai na ga layin jarirai duk ya koma NA, wato alamar da R ke sawa inda babu bayani. Dalili shi ne cut, idan ba a gaya masa komai ba, yana yanka ban da bakin farko, har da bakin ƙarshe, don haka jaririn da aka rubuta masa shekara 0 bai faɗa ko'ina ba, ɗan shekara biyar cif kuma ya shiga cikin 'yan ƙasa da biyar. Sai da na sa right = FALSE, wato har da bakin farko, ban da bakin ƙarshe, lissafin ya daidaita. Umarnin cut na pandas, kunshin sarrafa bayanai na Python, shi ma ban da farko, har da ƙarshe yake yanka idan ba a gaya masa komai ba, amma range na Python akasin haka ne: har da farko, ban da ƙarshe.

Akwai wani dalilin kuma. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi lissafi da Faransanci ba baka mai lanƙwasa suke sawa ba, juya baka mai kusurwa suke yi, su rubuta ]5, 15]. Rubutun ya bambanta tsakanin Kano da Damagaram, amma "ban da 5, har da 15" karatu ɗaya ne ga kowa.

Abin da ban gama warwarewa ba shi ne zangon da ba shi da bakin ƙarshe, kamar 60 zuwa sama. "Zango mai baki ɗaya" nake cewa a aji, kuma ina roƙon malaman lissafi su duba mini ko ya zauna.