Tsohuwar Land Cruiser ta ƙi tashi da sanyin safiya: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Baban Ummi, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1994, mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, marar tobo. Shekara shida ke nan tana hannuna, kuma duk abin da zan iya, juyen baƙin mai ne, canjin filta ne, girisin ƙafa ne, ni nake yi da kaina ranar Asabar a ƙofar gida. Tun da hunturun bana ya shigo ta sauya hali. Da asuba sai na murza makulli sau huɗu ko biyar kafin ta kama, in ta kama kuma ta dinga kakkarwa tana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido har kusan minti guda. Da zarar ta ɗumama shi ke nan, wuni guda taɓawa ɗaya take tashi. Na kai ta gareji, mai gyara ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce famfon gas ne, wato wanda ke tura gas cikin inji, a kwance shi a kai awo. Zuciyata ba ta kwanta ba, don tun da na sayi motar nan ba a taɓa sa sifana a famfon ba. Duk wanda tasa ta taɓa yi masa haka, don Allah ya faɗa mini abin da ya tarar, ba abin da ya ji an ce ba.

Mai Patrol, Kawo

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a taɓa famfon nan tukuna. Tawa Nissan Patrol ce mai injin TD42, kuma shekara uku da suka wuce ta yi mini irin wannan sak, a watan Janairu. Injinka da nawa dangi ne ta wajen ƙira: gas ba ya faɗawa kan fistin kai tsaye, ƙaramin ɗaki yake fara shiga a cikin tof silinda, kuma ɗakin nan in ya kwana cikin sanyi ba ya kama wuta sai hita, wato ɗan ƙarfen da lantarki ke zafafawa kafin a tayar da inji, ta gasa shi. Hita shida gare ka, kowace silinda da tata. Da zafi, a watan Afrilu, ko uku sun mutu ba za ka sani ba. Sai hunturu ya zo asirinsu yake tonuwa.

Ni da na kwance ƙarfen da ya haɗa su na gwada ɗaya bayan ɗaya da mita, huɗu na samu a mace. Farin hayaƙin da kake gani gas ne da bai ƙone ba daga silindar da hitarta ta mutu, shi ya sa yake yaji, shi ya sa kuma kakkarwar take ɗaukewa da inji ya ɗumama. Sai dai ka kula wajen saye. Hitocin nan kamanninsu ɗaya amma ƙarfin wutar da suke ɗauka ya bambanta, ana rubuta shi a jikinsu. Ka cire tsohuwa ɗaya ka tafi da ita kasuwar kayan mota ta Oriakpata a hannunka. Na farko da na saya ban duba ba, ko sati biyu ba su yi ba suka ƙone.

Injiniya, Barnawa

Maganar Mai Patrol gaskiya ce, amma ni tawa ba hita ba ce, kuma wata biyu na yi ina lalube. Irin motarka ce, 80 mai 1HZ. Na canja hita duka shida, na canja batir, washegari da asuba ta sake ƙi.

Abin da na zo na gane shi ne, motar nan ba ta da famfon lantarki a cikin tanki kamar motocin yanzu. Famfon da ke jikin inji shi yake zuƙo gas da kansa tun daga baya. Saboda haka duk tiyon da ke tsakanin tanki da famfo zuƙa ake yi a cikinsa, ba turawa ba. In ya tsage, gas ba zai ɗigo ƙasa ka gani ba, iska ce za ta shiga. Mota tana kwana, gas ya sulale ya koma tanki, da safe sai kik ya yi ta wahala yana jawo shi daga farko. Ka ga kuwa alamar ta yi kama da ta hita, tun da ita ma sai mota ta daɗe a tsaye take nunawa.

Ga gwajin da bai ci mini ko kobo ba. Gobe da asuba, kafin ka taɓa makulli, ka ɗaga bonet ka danna famfon hannun nan da ke saman filtar gas. In ka ji shi da tauri tun dannawar farko, layinka a cike yake. In ya lotsa laƙwas, sai ka danna sau goma sha wani abu kafin ya yi tauri, to gas ya gudu da dare. Ka danna har ya yi tauri sannan ka tayar. In ta tashi nan take, ka kama ɓarawonka. Gwaji na biyu, ka kwana da ita a gangare, hancinta na kallon ƙasa, tanki a cike. In da safe ta tashi lafiya, iska ce.

Ni robar da ke cikin famfon hannun ce ta tsufa ta tsattsage. Na tabbatar ne da na sa guntun farin tiyo mai nuna ciki tsakanin filta da famfo, na tayar da inji, na tsaya ina kallon ƙwayoyin iska suna wucewa a jere. Na canja kan filtar gaba ɗaya, na sa sababbin tiyo da kilif masu kyau. Yau shekara huɗu ban sake jin ta ba. Abin da yake damuna har yanzu shi ne, a cikin wata biyun nan mutum uku ne suka ce mini a kwance famfo, babu ko ɗaya da ya miƙa hannu ya danna abin da ke gabansa.

Hajiya Mai Gona, Sabon Tasha

Sallama gare ku. Ni Hilux ce mai injin 3L, ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, da aka yi rabon gado na roƙi yayyena su bar mini ita. Da ita nake zuwa gona ta hanyar Kachia, kuma ƙananan gyare-gyare ni da ɗana muke yi.

Ni ruwa ne ya kusa kashe mini ita. A 2022, lokacin da gas ya yi tsadar nan da kowa ya ji a jikinsa, wani ya kawo mini jarka biyu da ɗan rangwame, na karɓa. Bayan kwana uku mota ta fara ƙin tashi da safe, a hanya kuma tana fizga, fitilar nan ta ruwa ta kama a gaban sitiyari. Ban san ma'anarta ba a lokacin, na ci gaba da tafiya. Da ɗana ya kwance ƙasan filta ya tara kwalba, kusan rabin abin da ya fito ruwa ne, ƙasansa da tsatsa ja. Sai da aka sauke tanki aka wanke, nozul huɗun kuma, wato bakunan da ke fesa gas cikin inji, aka kai gyara. Mai gyaran ya ce mini famfon irin waɗannan motoci ba shi da wani mai da ke sa masa santsi sai gas ɗin da ke ratsa shi, don haka ruwa ko kalanzir in suka shiga, ƙarfe ne yake cin ƙarfe. Tun daga ranar ban ƙara sayen gas a jarka ba, gidan mai ɗaya nake sha, mai yawan ciniki inda manyan motoci ke tsayawa. Duk farkon wata kuma sai na tsiyaye ƙasan filta a kwalba na ɗaga ta a rana na duba. Baban Ummi, ka yi wannan ma, minti biyar ne.

Ɗan Rigasa

Ni wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin inji ce ta ci tsatsa. Kik yana juyawa amma a kasalance. Injin gas da matsi yake kama wuta, in bai juya da sauri ba zafin ba ya isa. Rewaya ya goge bakin wayar ya ɗaure, magana ta ƙare. Ka saurari ƙarar kik ɗinka da asuba ka gwada ta da ta rana.

Baba Direba, Tudun Wada

Yarana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ji daɗi da har yanzu akwai masu riƙe waɗannan motoci da daraja. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina tuƙi, tun zamanin Land Rover har aka zo Land Cruiser, daga Kaduna zuwa Saminaka, Kafanchan, Kagoro, damina da rani.

Abu ɗaya zan roƙe ka, Baban Ummi, kuma shi ya sa na sa baki. In ta ƙi tashi, wani zai zo ya ce a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska, ko a fesa maganin sauro. Za ta tashi kuwa, har ka yi masa godiya. Kada ka yarda. Na ga injin da aka yi wa haka hunturu guda. Fetur yana kamawa tun fistin bai iso sama ba, ga hita da zafi a ciki, sai ka ji ƙara kamar ana dukan inji da guduma. Da aka buɗe shi, zoben fistin biyu a karye, ƙananan ɗakunan nan na tof silinda duk sun tsage. Motar da hita kaɗai take nema ta koma neman inji. Mai ita bai iya ba, a Panteka ta ƙare, aka yanka ta aka sayar da ƙarfe. Har yau in na tuna motar nan raina yana ɓaci, don lafiyarta ƙalau aka kashe ta.

Sannan kada ka riƙe makulli kana murzawa ba ƙaƙƙautawa. Daƙiƙa goma, ka saki, ka ba kik hutu. Mu a da, in fitilar hita ta mutu ba ma tayarwa nan da nan, mukan kashe mu sake kunnawa sau biyu in sanyi ya yi yawa. In ta tashi kuma kada ka ba ta wuta, ka bar ta a silo baƙin mai ya zaga. Ƙurar hunturu ma ka tuna da ita: a gindin gidan filtar iska na motarka akwai ɗan kofin da ƙura ke taruwa, ka cire ka zubar duk sati har iskar nan ta wuce.

Abu Yasir, Kurmin Mashi

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in faɗi ɗaya ɓangaren, don kada a ɗauka duk mai cewa famfo ne cuta yake nufi. Tawa famfon ne da gaske. Pajero ce mai 4D56. Amma alamarta daban take: da safe tana tashi lafiya, sai na yi tafiya inji ya yi zafi na kashe, ta ƙi tashi sai ta huce. Ga kuma jikin famfon kullum a jiƙe da gas. Aka kai wajen masu injin awo, suka nuna mini yadda cikinsa ya cinye. In zafi ya tsinka gas, sai ya riƙa zurarewa ta inda ya cinye ɗin, matsin ba ya isa ya buɗe nozul. Ta Baban Ummi kuwa da sanyi take ƙi, da zafi tana tashi, wato akasin tawa ke nan. Ko a nan kaɗai ni ba zan fara da famfo ba.

In har ta kai ga sai an kwance, ka tsaya a kai. Ka tabbatar an yi alama kafin a cire, a kai shi wajen mai injin awo, ba mai saitawa da kunne ba. Tun da kuma a 1HZ bel ɗin taimin yana nan kusa, in ka manta yaushe aka canja shi, ka canja a lokaci guda. Ni duk kilomita 100,000 nake canja nawa, ba na jira.

Baban Ummi, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Direba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ga abin da ya faru.

Ranar Juma'a da asuba na yi gwajin Injiniya. Famfon hannu ya lotsa, sai a dannawa ta tara ya yi tauri. Na tayar, ta kama a murzawa ta biyu, amma hayaƙi da kakkarwa suna nan. Na ce to, ciwon biyu ne. Ranar Asabar na ari mita wajen maƙwabcina, na kwance ƙarfen hita na bi su ɗaya ɗaya: ta biyu da ta biyar a mace. Na tsiyaye ƙasan filta kamar yadda Hajiya ta ce, ruwan da ya fito bai fi cokali ba, alhamdu lillahi. Iskar kuma na same ta a tiyon da ya shiga filta, bakinsa ya bushe ya tsage a ƙarƙashin kilif, inda ido ba ya gani sai an zare. Na yanke bakin na mayar don in samu na zuwa kasuwa, na tafi da tsohuwar hita ɗaya a aljihu, na sayo shida masu lamba iri ɗaya da sabon tiyo.

Yau kwana huɗu ke nan. Na fito sallar asuba sanyi har cikin ƙashi, na dawo na kunna, na jira fitila ta mutu, murzawa ɗaya ta tashi. Ɗan hayaƙi kaɗan ya fito ya ɗauke. Famfo yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Abu Yasir, na duba littafin da nake rubuta gyare-gyare, bel ɗin taimin ya yi kilomita 92,000, don haka shi ne aikin wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Injiniya, in kana da sarari ranar, zan so ka zo ka tsaya mini a kan alamomin taimin, ban taɓa yin sa ni kaɗai ba.

Injiniya, Barnawa

In sha Allahu zan zo bayan azahar. Ka sayi bel ɗin tare da abin ɗaure shi, kada ka sa sabo a kan tsohon. Zan taho da sifanar awon ɗauri.