Giyar mashin ta ƙi shiga: a tsaga inji ko a dakata?

Mai kabu-kabu, Birnin Kebbi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mashin ɗina ya haura shekara 10. Kwanan nan in na taka giya ta ɗaya sai ya yi ƙwas ya zabura, alhali na matse kuloci har ƙarshe. Firi kuwa, wato inda mashin ba ya cikin kowace giya, sai na kashe inji nake samun ta. Bakanike ya ce a tsaga inji. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Mai albasa, Aliero: Wa alaikumus salam. Kada ka yarda tukuna. Haka nawa ya yi mini a hanyar Jega, da buhu biyu a baya. Ashe wayar kuloci ce ta saki, farantan kulocin ba su rabuwa sosai, shi ya sa firi ke ɓuya. Taɓa hannun kulocin ka gani, wasan da yake yi kafin ya ɗauka kada ya wuce milimita 10 zuwa 20 daga bakinsa. Noti biyu na juya a gindin wayar, shi ke nan.

Tsohon bakanike, Argungu: Yaro, yaushe rabonka da juye baƙin mai? A irin waɗannan mashinan kuloci cikin mai yake kwance, shi da giya. Da damina manoman shinkafa kan kawo mini nasu bayan sun kutsa ruwan fadama. Ina kwance notin ƙasa sai mai ya zubo fari-fari kamar kunun gyaɗa. Farantai sun manne, ina giya za ta shiga? A juye, a zuba baƙin mai 20W-50 na mashin, ban da na mota, wani yakan sa kuloci santsi. In kuma ka taka ƙafar giya ta zauna ƙasa ba ta dawo ba, sifirin ɗin da ke dawo da ita ne ya karye, cire murfin ɓangaren kuloci ya isa. Wadda ake tsaga inji dominta ita ce giyar da ta shiga sannan ta fice da kanta.

Malamin makaranta, Zuru: Ni faɗuwa na yi a kan dutse, ƙafar giyar ta lanƙwashe tana gogar jikin inji. Sati guda ina zargin bakanike, Allah ya yafe mini.

Mai kabu-kabu, Birnin Kebbi: Na gode ƙwarai. Na zare wayar, zare uku kacal ya rage a cikinta, sauran duk sun tsinke. Na sa sabuwa, na juye mai, firi ta dawo. Sai dai Baba, ta biyu tana ficewa in na ɗauki mutum biyu na ja wuta.

Tsohon bakanike, Argungu: To, wannan kam haƙoran da ke kama giyar ne suka cinye, ko cokalin da ke tura ta ya lanƙwashe. Masu ɗora ƙafa a kan ƙafar giya suna tafiya, su ke jawo shi. Bakanikenka bai yi ƙarya ba, gaggawa ya yi. Ka tsaya a kansa ranar da zai buɗe, ya nuna maka haƙoran a tafin hannunka kafin ka sayi komai.