Tambaya a kan kalmar "architect": yaya ake furta ta, kuma wa ake nufi da ita?

Ɗalibar Funtuwa:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A makon jiya na raka yayana wurin wani gini da ake yi a bayan unguwarmu, sai na ga allo a bakin ƙofa an jera sunayen masu aikin, an sa "Arc." a gaban sunan mutum ɗaya, an sa "Engr." a gaban na wani. Yaya ya ce na farkon gajeren rubutun kalmar architect ne, ya kuma furta ta "acitet", alhali a makaranta "akitekt" nake ji. Ina roƙon a bayyana mini wanne ne daidai, da kuma abin da ya raba mai wannan suna da injiniya, tunda a wurinmu duk wanda ya sa hular kwano a wurin gini injiniya ake ce masa. Na kuma taɓa ganin jarida ta kira wani ɗan siyasa "the architect of his own misfortune", ga shi kuwa bai taɓa zana ko ɗaki ɗaya ba.

Tsohon Malamin Turanci:

Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kike ji a makaranta shi ne daidai, domin harufan "ch" da ke cikin kalmar sautin "k" suke bayarwa, kamar yadda suke yi a school da chemistry. Dalili shi ne asalin kalmar daga harshen Girka take, inda aka haɗa "arkhi", wato shugaba ko babba, da "tekton", wato magini ko kafinta. Daga can ta bi ta Latin da Faransanci, ta shigo Turanci a ƙarni na 16. Kada a ga laifin yayanki sosai, don kalmar arch, wadda ke nufin baka irin na ƙofa ko rufi, da "c" ɗinmu na Hausa ake furta ta, kuma ita ce ke ruɗa mutane har su zaci tushensu ɗaya, alhali ita daga kalmar Latin "arcus" ta fito.

Ki kuma lura cewa "an architect" ake cewa, da yake da wasali kalmar ta fara, kuma ilimin kansa architecture ake kiransa. Game da jimlar jaridar, aron ma'ana aka yi: Bature yakan kira duk wanda ya tsara wani al'amari tun daga tushe da wannan suna, ko yarjejeniyar sulhu ce ko tsarin mulki. Idan za ki mayar da waccan jimla Hausa, kada ki kawo maganar gini ko zane, ki ce kawai shi ya jawo wa kansa.

Mai Zane daga Kaduna:

Malam ya gama da ɓangaren harshe, ni kuma wannan sana'ar nake yi. Aikina shi ne in zauna da mai gida in ji buƙatarsa, in duba filin, sannan in tsara inda zaure zai kasance, da inda ɗakin uwargida zai fuskanta, da yadda iska za ta ratsa gidan ba tare da ranar yamma ta gasa ɗakunan kwana ba. Idan na gama, injiniyan gini ne zai lissafa kaurin rodi da girman ginshiƙi da zurfin harsashi, domin ginin ya iya ɗaukar nauyin kansa. Bayan mu ne birkila da kafinta da lebura za su shigo.

Sunan kuma doka ce ke tsare da shi. A Najeriya hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi wa masu sana'ar rajista, kamar yadda COREN ke yi wa injiniyoyi, kuma wanda ba ta yi wa rajista ba bai halatta ya kira kansa da wannan suna ba, ko da ya iya zana taswirar gida a kwamfuta. Ingila ma tana da irin wannan doka ta 1997. Sa "Arc." a gaban suna kuwa al'adarmu ce ta son laƙabi, shi ya sa ake rubuta shi a gaban sunan tsohon mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo, wanda ya karanta wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello.

Bazazzagi:

Ni abin da ya ja hankalina shi ne fassarar da Malam ya bayar ta asalin kalmar, wato shugaban magina, domin kusan haka muke da shi tun kafin zuwan Turawa. Muna da sarautar Sarkin Magina, muna kuma da Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin bakan gizon wannan masallaci ya ɗaga kai, ya ga yadda aka ɗaure azara aka lulluɓe ta da ƙasa har ta ɗauki rufi mai faɗi haka, zai san akwai tsari a kan maginin kafin a aza tubali na farko. Saboda haka fassarar "mai zanen gine-gine" da ake ji a rediyo ba ta gamsar da ni, domin ta taƙaita aikin ga takarda. Na fi son a ce "mai tsara gine-gine".

Ɗan Tawa:

Gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi karatu da Faransanci "arshitekt" muke cewa, don haka idan muka koma Turanci sai mun yi da gaske kafin bakinmu ya saba da "k". Ina goyon bayan Bazazzagi, domin Falke Barmu, wanda ya gina masallacin laka na garin Yama a jiharmu ta Tawa, maginin gargajiya ne, kuma masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta fannin gine-gine a 1986.

Ɗalibar Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na karanta wa yaya amsoshin, ya ce ya karɓi gyara, amma a wurin gini zai ci gaba da cewa "acitet", don shi birkiloli suka sani.