Ofotuniti kos: wai me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a ku taimaka min da wata kalma, tun hutun da ya wuce take cina a rai. Ina aji uku a sashen tattalin arziki na jami'a nan Samaru, kuma tun makon farko na aji ɗaya ake ta maimaita mana ofotuniti kos (opportunity cost), wato abin da mutum ya bari bai samu ba saboda ya zaɓi wani abu daban, kai tun sakandare ma muka haddace shi tare da ma'anar nan ta masanin tattalin arziki Lionel Robbins ta 1932, wai ilimin tattalin arziki nazari ne na yadda mutum ke raba abin hannunsa ƙalilan a kan buƙatu masu yawa. Na rubuta a jarrabawa na ci. Amma ranar da Baba ya ce in faɗa masa abu ɗaya da ake koya mana sai na tsaya ina kame-kame kamar ban taɓa shiga aji ba.

Muna zaune a zaure bayan la'asar yana gyara rediyonsa. Na ce Baba ka ga gonarka ta hanyar Giwa, bana ka zuba masara, da waken suya ka zuba da ka samu wani abu, to wannan abin da ba ka samu ba shi ne. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, au, taura biyu ba ta taunuwa, shi ne har sai an biya maka kuɗin makaranta?

Na kawo maganar gurup ɗin ajinmu aka yi ta jefo kalmomi. Na farko ya ce asarar zaɓi. Ni dai ban yarda ba, don asara abu ne da ya zo hannunka ya salwanta, shi kuwa waken Baba ko shuka shi ba a yi ba, kuma in ka ce wa manomi ya yi asara alhali rumbunsa cike da masara ai sai ya ce baki kake yi masa. Wata ta ce farashin dama. Wannan Turanci ne kawai aka sa wa hula, farashi na kasuwa ne, duk wanda ya ji zai ɗauka kuɗin taki da na noma ake nufi, kuma nan ne daidai inda 'yan aji ɗaya ke faɗuwa, suna haɗa kuɗin da aka kashe da abin da aka bari.

Sadaukarwa ta ɗan ja hankalina, sai dai tana da ƙamshin lada, kamar ka bar abu don Allah. Wanda ya bar wake ya zuba masara lissafi ya yi.

Wani yayanmu da ke digiri na biyu ya tuna mana abin da muka tsallake, ya ce ba duk abubuwan da ka bari ake ƙirgawa ba, guda ɗaya ne, mafi tsoka a cikinsu. Misali ni, shekara huɗun da zan yi a nan da zan iya zaman shagon kawu a Sabon Gari, ko koyon gyaran waya, ko kwanciya a gida, to wanda ya fi kawo kuɗi a ciki shi kaɗai za a ɗora a sikeli. Wannan ne ya sa na koma kan maganar Baba, don taurar biyu ce ba goma ba, ɗaya a baki ɗaya a hannu.

Saboda haka ga inda na tsaya. A rubutu, irin na jarida ko littafin makaranta, a ce ribar da aka haƙura da ita, duk Bahaushe ya san na haƙura da shi, babu zargi babu kuka a ciki. A maganar baki kuwa a ce ɗaya taurar. Gwamnati ta zuba kuɗi a gada, sai a tambaya mece ce ɗaya taurar, asibiti ko rijiyoyin burtsatse?

Na san za a ce ta farkon ta yi tsawo, to hauhawar farashin kaya ma ba gajera ba ce kuma kullum muna jin ta a rediyo. Na gwada ɗaya taurar a kan mai shayinmu na bakin get jiya da dare, na ce Malam da ba shayi kake ba mece ce ɗaya taurar, bai ko tambaye ni me nake nufi ba ya ce acaɓa, ya ci gaba da soya ƙwai.