Rigimar bangon mujalla: "Wa kake kira ɗan ƙauye?"

Ɗan Kwarbai: Salamu alaikum 'yan aji. Abin da kwamitin mujallar sashenmu ya yi mini ya ci mini rai. An ba ni aikin tsara bango, na ɗauko hoton Ƙofar Doka ta birnin Zariya da hasken la'asar, na sa sunan mujalla a sama da kanun labari ɗaya tak, na bar fili don ido ya huta. Har haruffa masu ƙ da ɗ da ɓ na nemo, kada su fito kamar akwati a wajen bugu. Jiya sai na ga an cire hoton, an jera kawunan shugabannin ƙungiya tara, launi barkatai, rubutu har bakin takarda inda wuƙar maɗaba'a za ta datse. Wallahi wannan ƙauyanci ne.

'Yar Soba: Malam, dakata. Me ƙauye ya yi maka? Masarar da kake ci a Kwarbai ake noma ta?

Ɗan Kwarbai: Haba 'yar'uwa, ba mutanen ƙauye nake nufi ba. Tsarin nake magana.

'Yar Soba: Ai da sai ka ce tsarin bai yi ba. Halinku ne ku 'yan cikin ganuwa, duk wanda ba a yanke masa cibi a birni ba baƙauye ne.

Na Giwa: Faɗa masa, Anti. Tun aji ɗaya muke shan wannan rainin.

Bazazzagi: To ƙarya aka yi? Ado a birni yake. Ku shiga Masallacin Juma'a ku ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, tun zamanin Sarki Abdulkarimu. Harkar ɗab'i ma garin nan ya yi fice a kanta a Arewa, nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Na Giwa: Editanta na farko fa? Abubakar Imam a Kagara aka haife shi. Kuma kamfanin Gaskiya ba a cikin ganuwa yake ba, sai ka fita Tudun Wada. Baƙi suka yi aikin, ku kuna zaure kuna tinƙaho.

Bazazzagi: Tudun Wada ba ƙasar Zazzau ba ce? Giwar taka ma ta wa ce?

Mai Kwamfuta: Ni dai abu ɗaya na lura. Duka bangon biyu a launin allo aka ajiye su, wato RGB. Injin bugu da launin tawada yake aiki, wato CMYK, shuɗin nan mai ƙyalli zai fito a dushe. A bar kuma milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

'Yar Samaru: Wai ma da me aka yi na kwamitin? Da gani manhajar Canva ce a waya.

Sakatare: Ko da Canva ce, sai me? Hajiya, ba kowa ne babansa ya saya masa kwamfuta ba. Kuma masu kawunan nan su suka yi karo-karon kuɗin bugawa.

'Yar Samaru: Kada ka sa mahaifina a maganar nan. Ka je Sabon Gari ka tambayi masu bugu, aikin manhajar CorelDRAW ta kwamfuta suke karɓa.

'Yar Soba: Ana ta kewaye-kewaye. Ni jira nake ya janye kalmar.

Ɗan Kwarbai: Ban zagi kowa ba, ba abin da zan janye.

Na Giwa: Shi ke nan. Mu haɗu a zaɓen ƙungiya.

Shugaban aji: Ya isa haka, jama'a. Na karanta komai, ga abin da na fahimta. Mafi yawanmu sun yarda cewa ɗan'uwanmu ya yi kuskuren lafazi, ya kamata ya ba 'yan'uwa na karkara haƙuri. Ban ga wanda ya kawo hujjar cewa bangon kwamiti yana da aibu ba, maganar launi kuwa aikin mai maɗaba'a ne. Sa hotunan shugabanni al'ada ce da muka gada, ba don nawa yana tsakiya nake faɗa ba. Hoton ƙofar za a duba ko zai samu wuri a shafin baya, ƙasan tallar mai kanti. Wanda bai biya kuɗin mujalla ba ya ga Sakatare kafin Alhamis. Na rufe sharhi.