Keke daga Tawa zuwa Yamai a cikin damina: wa ya taɓa yi?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da niyyar bin kwalta da keke daga Tawa zuwa Yamai a watan Agusta, ta Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, kimanin kilomita 550. Ƙafa ba ta dame ni ba, hadari ne ke ba ni tsoro. Wanda hadari ya taɓa ritsawa da shi a fili bisa keke, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Baba Mai Faci: Wa alaikumus salam, yarona. Abin da za ka fara riƙewa shi ne hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, ya nufi yamma. Kai kuwa daga Tsarnawa yamma za ka dosa, ke nan ta bayanka zai biyo ka, ka riƙa waiwaye. Ni tsakanin Ƙonni da Dutsi ya same ni. Tun hantsi iska ke bugo ni a fuska, irin ta damina mai zuwa daga kudu maso yamma, ina tuƙi da ƙyar. Da la'asar sai ta ɗauke cak, ganyen gero ko motsi ba ya yi, zafi ya sauko. Na juya, sai ga gabas ta yi ja daga ƙasa har sama. Kafin in kai bukkar wasu manoma ƙura ta rufe ni, yashi na dukan wuyana, ba na ganin tayar gaba. Idan iska ta ɗauke haka, nan ne lokacin sauka, kada ka jira ɗigon farko.

Ɗan Adar: Na gode Baba. Amma in iskar ta baya ce, ai tura ni za ta yi?

Baba Mai Faci: Za ta tura ka, ƙarƙashin babbar mota. Ba ta zuwa a miƙe, fizga take yi, kuma direban tirela ma ba ya ganin gabansa a cikin wannan ƙurar. Ka bar kwaltar gaba ɗaya, ka kwantar da keken a ƙasa, kada ka jingine shi.

Malamin Makaranta: Ni tsawa ce maganata, domin ita ke kisa a fili. A hanyar Doso zuwa Birnin Gaure na ga matafiya sun ruga ƙarƙashin wani gawo guda ɗaya tal a tsakiyar gona, raina ya tashi ƙwarai. Itace mai tsayi shi kaɗai a fili shi aradu ke nema, kuma gawo ko inuwar ba ya da ita a damina, tunda lokacin yake zubar da ganye. Abin da nake yi: in na ga walƙiya sai in fara ƙirga har in ji ƙarar. Kowane daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ne. In ban kai talatin ba, na ajiye keken, na yi nesa da shi, na nemi ginin kirki, masallaci ko aji. In babu, sai in tsuguna a wuri mai ɗan kwari, ƙafafu a haɗe, amma ba cikin hanyar ruwa ba.

Hajiyar Wadata: Ɗana, ni ba na hawan keke, amma mai gidana ya yi shekaru yana kai kaya ƙauyuka da shi. Ya ce a gaya maka batun kori, wato busasshiyar hanyar ruwa da ke kawowa in an yi ruwa. Ruwa na iya sauka can nesa, kai kana cikin rana, sai kawai ka tarar da kori ya kawo, ja wur, yana ɗauke da rassa. Ka tuna a daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanya a Sorey, bakin Yamai, manyan motoci ma suka yi cirko-cirko. Ka zauna ka jira tare da mutanen wurin, su suka san lokacin da yake janyewa.

Direban Keke: Yaya, bayan hadari ma akwai aiki. Iska na watso rassan aduwa da na ƙaya bisa kwalta, ni da safe ɗaya tayoyina biyu suka sace. Ka riƙe faci da gam da famfo a cikin leda, domin faci ba ya kama jiƙaƙƙiyar roba. Birki kuma in ya sha ruwa sai ka matsa ka ji shiru, don haka ka fara matsawa tun da nisa. In ka sauka kan jar ƙasa, laka za ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi juyawa; ka tafi da ɗan tsinke na ƙwaƙulewa da man sarƙa.

Baba Mai Faci: Ka tashi bayan sallar asuba, ka yada zango kafin la'asar. Ka tambayi halin tsaro a kowane gari kafin ka wuce, dare kuwa kada ya same ka a hanya.

Ɗan Adar: Allah ya saka da alheri. Zan kwana a Ƙonni daren farko, in hadari ya bari. Akwai wanda ya san inda baƙo mai keke zai sauka tsakanin Ƙonni da Dutsi? Wannan tsakanin ne ya fi yi mini tsawo.