Wai Onarabul bai taɓa faɗuwa zaɓe ba

Na Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi abin da aka yi wa tsohon ɗan majalisarmu na jihar Katsina a taron masu ruwa da tsaki bai dace ba. An kira sunan kowa, har kansilolin jiya, shi aka tsallake shi. Mutumin da ya ci zaɓe a 2015, ya maimaita a 2019, bai taɓa faɗuwa zaɓe ba a rayuwarshi. Masu zama a kujerar gaba yau, nawa daga cikinsu za su iya kawo akwatin ƙofar gidansu?

Malamin Rafin Daɗi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, gyara maganarka. Ya faɗi a zaɓen fidda gwani na watan Mayun 2022, shi ya sa ake ce mashi tsoho.

Na Ƙofar Ƙaura: Fidda gwani ba zaɓe ba ne, Malam. Zaɓe shi ne wanda INEC ta buga ƙuri'a, talaka ya dangwala.

Malamin Rafin Daɗi: To me sunan abin? Sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba jam'iyya hanya uku a lokacin: 'yar tinƙe, daliget, ko maslaha. APC ta ɗauki daliget biyar a kowace mazaɓa, PDP uku. Ƙaramar hukuma mai mazaɓu 10, mutum 50 ke nan suke yanke hukunci a APC. Ana tantance su da jerin sunaye, su jefa ƙuri'a, a ƙirga gaban jami'an INEC da suka zo sa ido. Wanda ƙuri'arshi ta gaza ya faɗi. Ba wani suna da za a canza ma abin.

Hajiyar Sabuwar Unguwa: Mutum 50 da aka kwana da su a otal aka karɓe masu waya, shi ne zaɓe? Kayar da shi aka yi, ba faɗuwa ya yi ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: Hajiya, wanda aka kayar ina yake zuwa, sama?

Hajiyar Sabuwar Unguwa: Kai yaro ne. A 2022 dokar ta fitar da daliget masu kujerar dindindin, wato shugabannin jam'iyya da zaɓaɓɓu na da da na yanzu, aka bar waɗanda aka zaɓa don ranar kaɗai. Majalisar tarayya ta yi gyara a guje, shugaban ƙasa bai sa hannu ba har aka gama. Saboda haka duk wanda ya rubuta sunayen mutum biyar ɗin nan a mazaɓa, shi ya fidda ɗan takara tun kafin a shiga fili. Ka tambayi wa ya rubuta namu.

Ɗan Ƙofar Marusa: Wa ya rubuta? Faɗi mana.

Hajiyar Sabuwar Unguwa: Kowa ya sani.

Malamin Rafin Daɗi: In kowa ya sani, da an je kotu. Rikicin kafin zaɓe Babbar Kotun Tarayya ake kai shi, cikin kwana 14 daga ranar da abin ya faru. Kwana na 15 ko da gaskiyarka alƙali ba ya da hurumin sauraronka. Onarabul bai shigar da ƙara ba. Kuma in an ce maslaha aka yi ya janye, sai a nuna takarda, domin dokar ta ce sai duk 'yan takarar da aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye kuma sun amince da mutum ɗaya.

Na Ƙofar Ƙaura: Biyayya ce ta hana shi zuwa kotu.

Baban 'Yan Biyu: Ku yi haƙuri in sa baki. Ko faɗuwar ma a bar ta, cin nashi ne ya kamata a duba. A 2015 da 2019 a Katsina, "sak" aka yi, wato dangwala ma jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Guguwar Buhari ce ta kwaso mutane da yawa da ko a unguwarsu ba a san su ba. Akwai hanyar gane ƙarfin ɗan majalisa na kanshi, kuma ba ta da wuya. Zaɓen gwamna da na majalisar jiha rana ɗaya ake yi: 11 ga Afrilu 2015, 9 ga Maris 2019, 18 ga Maris 2023. Mai zaɓe ƙuri'a biyu ake miƙa mashi lokaci guda. Nan jihar kujerun majalisa 34 ne, ƙananan hukumomi 34, don haka iyakar ɗaya ce. Sai ka ɗauko takardar sakamako ta EC8A ta kowace rumfa, ko EC8B ta mazaɓa in ba ka da lokaci, ka jera ƙuri'ar gwamna da ta ɗan majalisa na jam'iyya ɗaya. In ɗan majalisa ya zarce gwamna, mutane ne nashi. In ya gaza shi sosai, to an dangwala ma gwamna an juya ma ɗan majalisa baya, jam'iyya ce ta ɗauke shi. Abin da ke ɓata lissafin shi ne rumfunan da aka soke, sai a cire su daga ɓangarorin biyu kafin a gwada.

Na Ƙofar Ƙaura: Baba, da girmanka kana ce ma Onarabul ɗan guguwa?

Baban 'Yan Biyu: Ban ce ba. Na ce a kawo takardu.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ba za su kawo ba. Ejan ɗinsu ma kafin a gama ƙirga suke tafiya neman kuɗin abinci, kwafin sakamakon ya tafi da iska.

Hajiyar Sabuwar Unguwa: Ku da kuka ci Katsina a zaɓen shugaban ƙasa kuka kasa riƙe ta sati uku, ku ne za ku yi maganar ejan? Ranar 25 ga Fabrairu 2023 Atiku ya zarce Tinubu da ƙasa da ƙuri'a dubu bakwai. Ranar 18 ga Maris Dikko Raɗɗa ya ba Lado Ɗanmarke ratar sama da dubu ɗari uku. Ina jama'ar taku ta shiga?

Ɗan Ƙofar Marusa: Wa ya ce maki ni ɗan PDP ne? Kuma wannan ai hujjar Baba ce kika kawo ba ki sani ba, Bakatsine ya iya raba ƙuri'a. Ko a 2011 CPC, jam'iyyar Buhari ta lokacin, ta kwashe kujerun tarayya, Shema ya koma kujerarshi a PDP.

Malamin Rafin Daɗi: Tunda an ambaci 2011, ita ce ma amsar mai cewa fidda gwani ba zaɓe ba ne. Rikicin ɓangaren Masari da na Lado a CPC kan wane fidda gwani ne halastacce, shi ya kai har Kotun Ƙoli, aka karɓe shaidar cin zaɓe daga sanatoci biyu da 'yan majalisar wakilai takwas da suka riga suka zauna a Abuja. Ta nan Hadi Sirika da Abubakar Sadiq 'Yar'aduwa suka shiga majalisar dattawa.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ɓangaren Lado aka zalunta a wannan.

Hajiyar Sabuwar Unguwa: Ga shi nan, ka fito fili.

Na Ƙofar Ƙaura: Ni dai taro na kawo ƙara, an tsallake sunan mutum. Ba wanda ya ce komai a kai.

Baban 'Yan Biyu: Wa ya rubuta jerin sunayen taron? Sakataren jam'iyya na ƙaramar hukuma ne ke wannan aikin, shi za ka tambaya.

Malamin Rafin Daɗi: Bari in ƙara ɗaya kan faɗuwa. Ɗan majalisar jiha rinjaye kawai yake buƙata, ko da ƙuri'a ɗaya ce. Sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi na gwamna ne. Don haka cin kujerar sau biyu ƙarƙashin jam'iyya mai rinjaye ba abin mamaki ba ne, tikitin ne mai wuya, kuma a nan ya gaza.

Hajiyar Sabuwar Unguwa: Malam, kai ma mun san gidan da kake shan shayi.

Shugaban zaure: To jama'a, a tsaya nan, dare ya yi. Abin da muka fahimta shi ne Onarabul ya tsaya zaɓen gama-gari sau biyu ya ci sau biyu, ba wanda ya musa wannan. Abin da ya faru a 2022 sha'anin cikin gida ne na jam'iyya, kuma Hajiya ta yi gamsasshen bayani kan yadda aka shirya shi. Masu cewa guguwa ce ba su kawo takarda ko ɗaya ba. Ɗan Ƙofar Marusa, an goge saƙonka biyu na ƙarshe, ka kiyaye. Gobe in Allah ya kai mu za mu tattauna ziyarar ban haƙuri zuwa gidan Onarabul, mai mota ya yi magana.